Fumfuna A Cikin Mota: Warin Da Turare Ba Ya Kashewa

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Rogo ko Ƙaraye zuwa Kano a tsakiyar watan Agusta ya san warin nan. Da an buɗe ƙofa shi ke fara yi maka maraba, kamar warin wankin da aka bari a bokiti ya kwana uku. Direba zai fesa turare, ya rataya ɗan katin ƙamshi a jikin madubi, wani ma har turaren wuta yake sa wa a yi wa motar. Kafin a kai rabin hanya ƙamshin ya gudu, warin ya dawo wurinsa. A motar gida mai esi kuwa abin ya fi fitowa fili, domin da zarar an kunna na'urar da safe, iskar farko da za ta bugi fuskarka ita ce mafi wari.

Mai wannan aika-aika ita ce fumfuna, wadda wasu ke kira hunhuna. Ita ce dai kuke gani a kan burodin da ya kwana biyu a leda, ko a saman tuwon da aka manta a kwano. Na ga ya dace mu yi maganarta a wannan shafi saboda a yawancin gidajenmu wankin motar Baba ko ta Yaya aikin ɗan sakandare ne. Kai ne mai soso da bokiti ranar Asabar. Idan ka fahimci abin da kake yaƙi da shi, za ka iya raba gidanku da kashe kuɗin da bai kamata ba, ka kuma sauƙaƙa wa ƙanwarka mai asma numfashi a hanyar makaranta.

Wace ce fumfuna?

'Yan aji ɗaya na babbar sakandare sun haɗu da ita a darasin Bayoloji da sunan Rhizopus, baƙar fumfunar burodi da ake sa ku zana a littafi. Dangi ɗaya suke da naman kaza da yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi. Ba ta da koren ganye, don haka ba ta iya haɗa abincinta daga hasken rana kamar gero ko dawa. Sai dai ta shimfiɗa wasu siraran zarurruka a kan abin da ta samu, ta zuba masa sinadarin da zai narkar da shi, sannan ta tsotse. Launin da ido ke gani, fari ko kore ko baƙi, yawanci alama ce ta cewa ta riga ta kafu har ta fara fitar da iri.

Irin nata shi ne matsalar. Ƙananan ƙwayoyi ne da za a iya jera fiye da ɗari a tsawon milimita ɗaya, kuma iska na yawo da su ko'ina. Suna cikin ajinku yanzu haka, suna kan rigarka. Babu wanda ya isa ya hana su shiga mota. Abin da ke hannunmu shi ne hana su tsirowa, kuma ba sa tsirowa sai sun sami danshi da abinci da ɗan ɗumi. Ɗumi dai ba a saye a ƙasar Kano. Abinci kuma mota cike take da shi: ƙura, ɓurɓushin biskit, kunun da ya zube, zufar da kujera ta sha. Saura danshi. Hukumar kare muhalli ta Amurka na ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan haka fumfuna na iya kamawa. Wannan adadi shi ne ya fi cancanta ku riƙe daga duk wannan rubutu.

Kada dai a yi wa danginta kuɗin goro. A shekarar 1928 wani likita mai suna Alexander Fleming, a asibitin St Mary's da ke Landan, ya lura cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin gwajinsa ta hana ƙwayoyin cuta girma a kewayenta. Daga nan aka samo maganin fenisilin, wanda ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Amma wadda ke ƙarƙashin kafet ɗin motarku ba magani take haɗa muku ba.

Yadda yanayinmu ke shirya mata shimfiɗa

Wani zai ce ai mu nan Arewa ne, ƙasar rana da bushewa, ina fumfuna za ta samu wurin zama? Shekararmu kashi biyu ce, kuma kowane kashi yana yi mata hidima. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura na shiga kowace kafa ta mota, ta kwanta a cikin bututun iska da saƙar kafet. A lokacin babu abin da zai tsiro domin iska a bushe take ƙayau. Sai damina ta sauka, marka ta kama a Agusta, laimar iska ta haura kashi 70 cikin ɗari, a yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito sosai ba. Ƙurar hunturu ta sha ruwa ke nan, ta zama gona.

Ƙaraye da Rogo kuma suna da nasu ƙarin dalilan. Yanki ne na noma da fadamu, ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙaramar hukumar Ƙaraye, ga ta Kusalla. Motar da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa irin su Zarewa, Fulatan, Beli, Turawa da Yammedi ba fasinja kaɗai take ɗauka ba. Yau kwandon kifi ne daga bakin dam yana ɗiga a but, gobe ɗanyar masara ce ko tumatir, jibi damin rake ko ƙwaryar nono. Ruwan kifi da nono sun fi ruwan sama illa nesa ba kusa ba, tunda danshi da abinci suke kawowa a lokaci guda. Ga manomi ya shigo da taɓo a takalmi, ga ɗalibi da jiƙaƙƙiyar jaka. A hanyoyin ƙauye da ba su da kwalta, mota kan ratsa kududdufi har ruwa ya taɓa bakin ƙofa. Da an dawo gida sai a ɗaga gilasai a kulle don tsoron ruwan dare, danshin ya kwana a ciki.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, wato inuwar darbejiya ko ta mangwaro da muke son ajiye mota. A gindin gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya, akwai wani rami mai rufin roba ko ƙarfe mai huji-huji. Ta nan mota ke shaƙar iskar waje, kuma an yi masa magudanai don ruwan sama ya fice ta gefe. Ganye da 'ya'yan darbejiya na taruwa a wurin su ruɓe su toshe magudanan. Ruwa ya rasa hanya, sai ya gangara ciki ya sauka daidai inda fasinjan gaba ke aje ƙafa. Mai mota ya yi ta zargin robar ƙofa alhali laifin ganye ne.

Abin da ke faruwa a cikin esi

Ka ɗauko ledar fiya wata mai sanyi daga firij ka aje a kan tebur. Nan da nan za ka ga jikinta ya yi raɓa. Ledar ba ta huje ba. Tururin ruwan da ke cikin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Abin da ke faruwa a cikin esi ke nan, kullum aka kunna shi.

A bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin lagireto, mai siraran fikafikai jere da juna, kanikawa na kiransa ebaporeta. Gas ɗin esi ne ke ratsa cikinsa ya sanyaya shi har ya kusa kai sanyin ƙanƙara. Fanka na hura iska ta cikin fikafikan, iskar ta yi sanyi, ruwan da ke cikinta kuma ya taru a jikin ƙarfen ya gangara cikin wani ɗan faranti. Daga farantin akwai ƙaramin tiyo na roba da ke fitar da ruwan zuwa ƙarƙashin mota. Shi ya sa idan mota mai esi ta tsaya za ka ga ruwa na ɗiga ƙasa, galibi ta ɓangaren fasinja. Wannan ɗigar alamar lafiya ce. Ranar da aka yi tafiya da esi cikin damina aka tsaya babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa, ranar ce ya kamata hankali ya tashi, domin ruwan yana nan, ya dai sami wata hanyar.

Tiyon kan toshe da taɓon hanya ko dattin da ya taru daga ciki, wani lokaci ma zanzaro ne ke gina ɗakinsa a bakinsa idan mota ta daɗe a ajiye. Ko da tiyon na aiki, idan aka kashe inji ebaporeta kan zauna a jiƙe, cikin duhu, a wurin da ɗumin inji ke isa, ga ƙurar hunturu manne a fikafikansa. Fumfuna da ƙwayoyin bakteriya sai su yi sansani. Iskar da suke fitarwa yayin da suke ci ita ce warin da ke tarbarka da safe. Bayan 'yan mintuna, ƙarfen ya yi sanyi ya sake jiƙewa, warin ya lafa, hancinka ma ya saba, sai ka ɗauka ya tafi.

A nan ne ake yawan asarar kuɗi. Mutum ya ji wari sai ya tafi a ƙara masa gas. Gas ɗin a cikin rufaffen bututu yake zagayawa, ba ya haɗuwa da iskar da kake shaƙa, saboda haka ƙara shi ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Ana ƙara gas ne idan esi ya daina sanyi, shi ma bayan an gano inda yake zurarewa.

Abin da ya shafi ƙirjinka

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani kundi kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta nuna cewa masu zama a irin waɗannan wurare sun fi fuskantar tari, shessheƙar numfashi, cututtukan hanyar iska da tashin asma. Mota kuwa ɗaki ce ƙarama ƙwarai. Idan gilasai na rufe, fanka na hura iska ta kan ƙarfen da fumfuna ta kama, abin da ta kwaso kai tsaye yake zuwa hancin mutanen ciki.

Yawancin masu lafiya abin da za su ji bai wuce atishawa, ƙaiƙayin ido da toshewar hanci ba, kuma yakan wuce idan sun fita. Masu asma, jarirai, tsofaffi, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni su ne abin ji. Akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus da kan iya zama a cikin huhun wanda ya taɓa yin tarin fuka, a ramukan da cutar ta bari. Idan ka lura wani a gidanku na fara tari duk lokacin da ya shiga mota, ya daina idan ya sauka, wannan abin faɗa wa manya ne, kuma abin faɗa wa likita ne. Wanke mota ba ya maye gurbin zuwa asibiti.

Tunda 'ya'yan manoma ne da yawa daga cikinku, bari in ɗan ratse. Wani jinsin Aspergillus ɗin ne ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, ya bar musu dafin da ake kira afulatoksin, wanda ke lalata hanta har ya iya jawo kansa. An fara gano shi ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sanadiyyar abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A Kenya kuma mutum 125 suka rasu a 2004 bayan cin masara mai wannan dafi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage shi. Ta hanyar ci wannan dafi ya fi yin illa, don haka buhun ɗanyar masara da aka bari kwanaki a rufaffen but asara biyu ce: ya ɓata motar, ya ɓata abincin.

Ranar aiki

Kafin ka taɓa soso, nemo inda ruwan ke shigowa. Wanda ya wanke fumfuna bai toshe kafar ruwa ba, zai maimaita aikin bayan sati biyu. Cire tabarmin ƙafa ka danna kafet da tafin hannu a gaba da baya. Buɗe but ka ɗaga safaya, domin ramin da take kwanciya wuri ne da ruwa ke taruwa ba wanda ya sani. Duba robobin ƙofa ko sun tsage, ka kwashe ganyen da ke gindin gilashin gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zauna a ciki, ƙaninka ya riƙa zuba ruwa da buta a kan mota sannu a hankali daga ƙasa zuwa sama, kana kallon inda zai ɓullo. Idan kuwa ruwan da ka samu a kafet yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ko kore ne ko ja, to ruwan lagireto ne ke zuba daga hita. Wannan aikin bakanike ne.

Zaɓi ranar da rana ta fito, ka fitar da motar fili, ka buɗe duk ƙofofi da but. Sa takunkumi mai kyau, irin N95 idan akwai, da safar hannu ta roba. Idan kana da asma, wannan aikin ba naka ba ne, ka ba wani. Kada ka kakkaɓe busasshiyar fumfuna da tsintsiya ko tsumma, domin tayar da irinta za ka yi ya cika motar ya cika maka huhu. Ka fara jiƙa wurin kaɗan da ruwan omo, sannan ka goge.

Fatun roba, sitiyari, dashbod da jikin ƙofa ba su da wahala. Ruwan ɗumi da omo da tsumma sun isa, a bi da busasshen tsumma. Kujerun yadi da kafet ne ke cin lokaci. Bayan ka goge su da buroshi da kumfar omo, ka fesa musu farin ruwan khal, wanda aka sirka da ruwa daidai wa daida, ka bar shi kamar minti 20 zuwa rabin awa, ka sake gogewa, sannan ka danna busasshen tawul ka tsotse ruwan iya iyawarka. Tsamin khal na hana fumfuna da yawa sakat, kuma warinsa na tafiya idan ya bushe. Ka fara gwadawa a wani lungu da ba a gani, ko zai canza launin yadin. Kujerar fata kuwa tsumma mai ɗan danshi da sabulu mara ƙarfi kawai take so.

Na san hannu zai so kai wa ga bilic, tunda shi muka sani da kashe ƙwayoyin cuta. A cikin mota ɓarnarsa ta fi amfaninsa: yana cinye launin kujera, yana sa ƙarfe tsatsa, kuma yana raunana zaren bel ɗin kujera, abin da ranka ke rataye da shi ranar haɗari. Bel sai a jawo shi gaba ɗaya, a wanke da sabulu mara ƙarfi, a bar shi a miƙe har ya bushe. Abu mafi muhimmanci, kada ka taɓa haɗa bilic da khal ko da wani maganin wanke banɗaki. Haɗin na fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, kuma a wuri matsattse kamar mota tana iya kai mutum asibiti.

Kuskuren da aka fi yi a wuraren wankin mota shi ne a saka tiyo a cikin mota a yi ta ambaliya. Saman kafet zai bushe cikin awa biyu ya yi kyau a ido. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani kauri na soso ko auduga da aka shimfiɗa don rage ƙara da zafi, kuma shi yana iya riƙe ruwa har sati. Ƙari a kan haka, a motocin zamani akwai wayoyi da ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin kujeru da kafet, har da wayoyin jakar iskar da ke kare mutum a haɗari. Idan ka ga ruwa ya kai wannan soso, dole a kwance kujeru a ɗaga kafet ɗin, kuma mai gyaran wayar mota ko mai ɗinkin kujera ne ya kamata ya yi, bayan an cire kan batir. Soson da fumfuna ta ratsa har ciki ba ya wankuwa. A yar da shi a sa sabo ya fi arha a kan a yi ta sayen turare. Silin ɗin mota ma da gam aka manna shi, idan ka jiƙa shi da yawa zai saki ya rufto.

Busarwa ita ce rabin aikin. Tabarmin ƙafa a shanya su a rana kamar wanki. Motar ta wuni a buɗe iska na ratsa ta, in da wuta a sa fankar ƙasa tana hurawa ciki. Kada ka rufe gilasai kana ganin zafin rana zai dafa fumfunar, domin ruwan da ya tashi daga kafet ba shi da hanyar fita, da yamma zai koma inda ya fito. Kuma a duk tsawon aikin nan ka sa ido a kan ƙananan yara. Rufaffiyar mota a rana zafinta kan haura digiri 50. A watan Disamban 2021 yara takwas suka rasu a cikin wata mota da ke ajiye a yankin Badagry na Jihar Legas, bayan sun shiga wasa ƙofa ta kulle da su. Da ka gama, ka leƙa ciki da but, ka kulle, ka miƙa makulli ga babba.

Komawa kan esi

Yawancin motocin da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau suna da filtar iska ta cikin mota, wadda ta bambanta da filtar inji. A motoci da dama tana bayan ɗan akwatin da ke gaban fasinja, a wasu kuma tana gindin gilashin gaba. Akwai masu motar da ba su ma san da ita ba, har ta shekara biyar ba a taɓa ta ba. Kamfanoni kan ce a canza ta duk shekara ko bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000, amma wannan lissafin bai san hunturun Kano ba. A ganina a duba ta a ƙarshen hunturu, a sake dubawa a ƙarshen damina. Idan ta yi baƙi ko tana wari, a canza. Ta takarda ce, wanke ta lalata ta ne. A jikinta akwai kibiya da ke nuna inda iska ke bi, ka lura da yadda tsohuwar take kafin ka zare ta.

Sai tiyon ruwa. A kunna esi na minti goma a leƙa ƙarƙashi. In babu ɗigo, bakanike zai iya buɗe tiyon da iska ko da wata lallausar waya cikin ɗan lokaci. Ban ba ka shawarar shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba, kuma kada ka zura ƙarfe mai tsini, domin idan ya huda ebaporeta sai an kwance dashbod gaba ɗaya, aikin da ke cin kuɗi sosai.

A shagunan kayan gyaran mota a Kano ana sayar da wani gwangwani mai kumfa da aka yi musamman don wanke ebaporeta. Ana zura siririn bututunsa ta tiyon ruwa ko ta gurbin filta, kumfar ta cika fikafikan, ta narke, ta fito da dattin ta ƙasa. Ya fi kyau wanda ya san motar ya yi, saboda kada kumfar ta shiga injin fanka ko wayoyi. Akwai kuma na fesawa ta gindin gilashin gaba, fanka na aiki, an saita ta tana jan iskar waje, gilasai a buɗe, babu kowa a ciki. Wannan na rage wari amma bai kai kumfar wankewa ba. Ko wanne za a yi, a yi shi a fili. Inji mai aiki a rufaffen gareji na tara hayaƙin da ba shi da launi ba shi da wari, irin wanda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Bututun gas kuwa kada ka kusance su da sifana, domin gas ɗin na fita da ƙarfi da sanyin da ke ƙona fata da ido.

Akwai ɗabi'a guda da za ka iya koya wa direban gidanku kyauta. Idan saura kamar minti biyar a isa gida, a danna maɓallin da ke kashe sanyin, a bar fanka na hurawa da ƙarfi tana jan iskar waje. Iskar za ta rage jiƙewar ebaporeta kafin a kashe inji. Maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta shi ke sa iskar ciki ta yi ta zagayawa. Yana da amfani a bayan tirela mai hayaƙi ko a hanya mai ƙura, amma bai kamata a bar shi a kunne dare da rana ba. Da sanyi ma a riƙa kunna esi na 'yan mintuna duk sati. Yadda za ka faɗa wa babba shi ma dabara ce. "Baba, na karanta cewa in aka kashe sanyin kafin a iso gida warin nan zai ragu, mu gwada na sati ɗaya?" ya fi saurin karɓuwa a kan ka nuna masa ya shekara goma yana kuskure.

Motar da ta zo da nata

Wani lokaci fumfunar ba a Rogo aka same ta ba, da ita motar ta tsallako teku. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Amurka. Irin waɗannan motoci kamfanonin inshora kan yi gwanjonsu, kuma wasunsu kan ƙare a kasuwannin Afirka ta Yamma bayan an wanke an goge. Idan aka tafi da kai sayen 'yar Kwatano, ka yi amfani da hancinka da idonka. Jawo bel har ƙarshensa ka ga ko akwai tabon ruwa. Leƙa ƙarƙashin kujera ko dogayen ƙarafan da take gudu a kai sun yi tsatsa, ka duba ramin safaya ko akwai busasshen taɓo. Motar da aka cika da turare fiye da kima, ko tsohuwar mota mai sabon kafet fil, ta cancanci a yi mata tambayoyi.

Ga masu neman abin yi a dogon hutu, wanda ke faɗowa daidai tsakiyar marka, masu wankin bayan mota sun yi yawa a kowace tasha, amma masu iya tsabtace ciki ba tare da sun jiƙa soson ƙasa ba kaɗan ne. Kayan farawa ba su wuce buroshi biyu, tawul huɗu ko biyar, kwalbar feshi, omo, khal, safar hannu da takunkumi ba. Ka fara da motar gida ko ta maƙwabci, ka karɓi aiki da safe kawai don rana ta ishe ka busarwa, kuma ka gaya wa mai mota tun farko idan ka ga aikin ya kai na ɗaga kafet, ya kai ta wurin masu kujera.